Houston, Dallas, Austin ko San Antonio: wanne ya fi dacewa da mai iyali a Texas?

Abu_Safiyya: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san jihar Texas. Muna shirin barin New York da zarar yara sun kammala zangon karatun bana. Ni direban babbar mota ne, uwargida kuma ma'aikaciyar jinya. Yara uku ne: babbar shekararta 14, mai bi mata 9, autan zai cika biyar a watan Oktoba. Da haya za mu fara, amma burin shi ne sayen gida nan da shekara biyu. Garuruwa huɗu ke gabanmu: Houston, Dallas, Austin da San Antonio. Wanne za ku zaɓar mana? Don Allah duk wanda zai ambaci gari ya haɗa da dalili.

DanBorno77: Wa alaikumus salam. Houston, ba wata tantama. Texas Medical Center yana can, kuma shi ne tarin asibitoci mafi girma a duniya, aikin jinya ba zai yi wa Hajiya wuya ba. Kai kuma ga tashar jiragen ruwa, kwantena ba ta yankewa. Sannan a kudu maso yammacin garin, wajen Alief da titin Bissonnet, 'yan Najeriya sun yi yawa ƙwarai.

Malam_Habu_DFW: Malam DanBorno, ka faɗi gaskiya a kan asibitoci, amma ta fuskar tuƙi ina ganin yankin Dallas da Fort Worth ya fi. Manyan hanyoyi huɗu ne suka haɗu a can: I-35, I-20, I-30 da I-45. Rumbunan ajiyar kaya sun cika kudancin Dallas da yankin Alliance a arewacin Fort Worth, saboda haka ana samun aikin da direba zai fita da safe ya kwana a gidansa. Aikin tashar jirgin ruwa a Houston sai da katin TWIC, wanda ake yi wa mutum binciken tsaro kafin a ba shi, kuma jiran layi a ƙofar tasha yana cin lokaci. Idan da yawan lodi ake biyan ka ba da awa ba, wannan jiran daga aljihunka yake fita.

Abu guda da ya shafe ka ko wane gari ka zaɓa: lasisin babbar mota kwana 30 ne kawai ake ba ka ka mayar da shi na Texas bayan ka tare. Lasisin ƙaramar mota ne ke da kwana 90. Samun rana a ofishin lasisi a manyan biranen kan ɗauki makonni, don haka ka nemi ranar ta intanet da wuri.

Hajiya_Rabi_RN: Bari in yi magana a kan aikin 'yar'uwata a fagen jinya, uwargidan Abu Safiyya. New York ba ta cikin yarjejeniyar jihohin da ke amincewa da lasisin jinya guda, Texas kuwa tana ciki. Ma'ana ba za ta fara aiki da lasisin New York ba. Za ta nemi hukumar jinya ta Texas ta ba ta nata bisa wanda take riƙe da shi: ta cike takarda, a ɗauki zanen yatsunta, a tabbatar da lasisinta na yanzu, sannan ta rubuta ɗan gajeren gwaji kan dokokin aikin jinya na jihar, wanda a kwamfuta ake yi daga gida. Ta fara wannan wata uku kafin tashi. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne takardun makaranta, musamman idan ba a Amurka ta yi karatun ba.

Na biyu, ta sa a ranta cewa albashin awa zai yi ƙasa da na New York, kuma yawancin asibitocin Texas ba su da ƙungiyar ƙwadago. Tun a wurin ganawa ta tambayi marasa lafiya nawa ake ba mutum ɗaya a sashen da za ta shiga. Idan sun yi tayin kuɗin maraba, ta karanta sharaɗin da kyau, domin galibi sai an yi shekara biyu, in ba haka ba a mayar musu.

Sadiq_Akanta: Kowa na ta ambaton sunan gari, amma a Texas ba sunan gari ne ke yanke maka kuɗin da za ka kashe ba, adireshin gidan ne. Bari in yi bayani.

Jihar ba ta karɓar harajin albashi, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya baro New York, inda jiha da birni duk ke yanka, zai ga bambanci a takardar albashinsa tun watan farko. Amma ta harajin gida suke fanshewa. Gida ɗaya hukumomi da dama ne ke ɗora masa haraji: gunduma, birni, hukumar makarantun yankin, wani lokaci da ta asibiti da ta kwaleji. A sababbin unguwannin bayan gari akwai ƙarin wata da ake kira MUD, wadda ta ciyo bashi ta shimfiɗa bututun ruwa da magudana, mazauna kuma su ne ke biya shekara da shekaru. Idan aka haɗa, wani gidan yana kusa da kashi 2 cikin ɗari na darajarsa a shekara, wani kuma ya haura kashi 3.

Ga lissafi. Gidan dala 350,000 a kan kashi 2.2 zai biya 7,700 a shekara kafin rangwame. Irinsa a kan kashi 3.2 zai biya 11,200. Bambancin ya kusa dala 300 a wata, alhali gidajen biyu suna iya kasancewa a kan titi ɗaya.

Rangwamen da nake nufi shi ne na gidan da mutum ke zaune a ciki da kansa. A 2023 an ɗaga shi zuwa dala 100,000 a ɓangaren harajin makarantu, kuma yana hana a ƙara darajar da ake lissafa haraji a kanta fiye da kashi 10 a shekara. Ba ya zuwa da kansa, sai ka nema a ofishin ƙiyasta gidaje na gundumarka, kuma kyauta ne. Za a turo maka wasiƙu ana neman kuɗi don a cike maka takardar, kada ka biya. Adireshin lasisinka dole ya dace da na gidan.

Ummu_Khalil: Yaya Sadiq, ka manta da tarkon sabon gini. Shekarar farko sau da yawa filin kawai ake ƙiyastawa, domin ranar 1 ga Janairu ake duba halin da gida yake, lokacin kuwa ba a gama ginin ba. Sai bankin ya riƙa tara ɗan kuɗi kaɗan don haraji. Shekara ta biyu a ƙiyasta gidan gaba ɗaya, asusun ya gaza, biyan wata ya yi tsalle da ɗaruruwan daloli lokaci guda. A nemi mai ba da bashin ya yi lissafi da cikakken farashin gidan tun farko.

Sadiq_Akanta: Haka ne Ummu Khalil, na gode. In ƙara da cewa ana iya ƙalubalantar ƙiyasin kowace shekara, wa'adin yawanci 15 ga Mayu ne.

Injiniya_Bello: Ni abin da zai sa in yi taka-tsantsan da Houston shi ne ruwa. Garin shimfiɗaɗɗe ne, ƙasar yumɓu ce ba ta shan ruwa, kuma ana samun ruwan sama kusan inci 50 a shekara. A guguwar Harvey ta Agustan 2017 wasu wurare sun sami abin da ya kai hakan cikin 'yan kwanaki. Abin lura shi ne, yawancin gidajen da ruwa ya shiga a gundumar Harris, inda Houston take, suna wajen yankin da taswirar gwamnati ta sanya a matsayin mai haɗari. Wasu unguwannin yamma kuma a cikin harabar madatsun Addicks da Barker aka gina su, da madatsun suka cika ruwan ya komo cikin gidaje.

Kada kalmar "ambaliyar shekara ɗari" ta ruɗi kowa. Nufinta kashi 1 cikin ɗari kowace shekara, wanda a tsawon bashin shekara 30 ya kai kusan kashi 26.

Matakan da zan ba da shawara:
A duba adireshin a taswirar FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, da ta hukumar kula da ambaliya ta gundumar Harris.
A karanta takardar da doka ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana ko gidan ya taɓa ambaliya. Tun 2022 mai ba da haya ma wajibi ne ya bayyana.
A tambayi maƙwabta, sun fi takarda sanin inda ruwa ya tsaya.
A sayi inshorar ambaliya daban, domin inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ruwan da ya taso daga ƙasa. Ta gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, sai dai in tare da bashin gidan aka yanke ta.
Idan haya ce a bene, a ɗauki hawa na biyu, a kuma duba inda mota za ta kwana.

DanBorno77: Injiniya, in dai tsoron bala'i ne ai ba inda ya tsira. Dallas fa? Ƙanƙara da guguwar nan mai juyawa.

Malam_Habu_DFW: Ba zan musa ba. Daga Maris zuwa Yuni ƙanƙara na sauka, wani lokaci kamar ƙwan kaza, ta lalata rufi da gilashin mota. Shi ya sa inshorar gida a nan take ware ɓarnar iska da ƙanƙara, ta ce mai gida zai fara biyan kashi 1 ko 2 na darajar ginin kafin kamfani ya sa hannu. A gidan 350,000, kashi 2 dala 7,000 ke nan daga aljihunka. Kafin saye a tambayi shekarun rufin, domin tsohon rufi wasu kamfanoni ragowar darajarsa kawai suke biya, ba kuɗin sabo ba. Guguwa mai juyawa kuma ta taɓa Garland da Rowlett a Disambar 2015, ta taɓa arewacin Dallas a Oktoban 2019. Gidajen nan ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ɗakin tsakiya marar taga ake shiga.

Sai matsalar tushen gini. Yumɓun yankin yana kumbura da damina ya tsuke da rani, daɓen gidan ya motsa. Alamominsa: tsagewar bulo mai hawa-hawa, ƙofar da ba ta rufuwa, tazara tsakanin bango da silin. A ɗauko injiniyan gini mai zaman kansa ya auna, ba kamfanin gyaran tushe da zai duba kyauta don ya sami aiki ba.

Zee_Austin: Ba wanda ya kare Austin, to bari in gwada. Gari ne mai kyau, ga Jami'ar Texas, ga Tesla da Apple, ga Dell a Round Rock, ga Samsung. Kuɗin haya ma ya sauko bayan an gina gidajen bene da yawa. Amma gaskiya ga direba da ma'aikaciyar jinya ba shi zan fara zaɓa ba. Farashin gida a can albashin masu aikin fasaha yake bi, sai ka tsinci kanka a garuruwan gefe irin su Pflugerville ko Hutto ko Kyle, kana fama da I-35 safe da yamma. Kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar furen wata bishiya ta tsaunukan yankin tana tayar wa mutane da mura da asma. Wannan har San Antonio ya shafa. In akwai mai asma a cikin yaran, a sa shi a lissafi.

Kawu_Isa_SA: San Antonio ta fi sauran ukun araha wajen gida, kuma rayuwarta ba gaggawa. Akwai sansanonin soja, akwai masana'antar Toyota, akwai babban yankin asibitoci a arewa maso yamma. Direba kuma yana kan hanyar Laredo, wadda ita ce babbar mashigar kaya ta ƙasa tsakanin Amurka da Meziko. Sai dai albashi ya fi ƙasa, jama'armu ba su da yawa, kuma tafiya gida sau da yawa sai an canja jirgi sau biyu. A kuma sani cewa yankin tsakanin San Antonio da Austin ya yi suna wajen ambaliyar farat ɗaya. Abin da ya faru a kogin Guadalupe a Yulin 2025, inda sama da mutum ɗari suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, a tsaunukan arewa maso yammacin San Antonio ne. Ba a ratsa ruwan da ya hau kan titi da mota, komai ƙanƙantarsa a ido.

Anti_Mairo: Ku dakata da maganar gidaje, akwai abin da mai tambaya ya faɗa ba wanda ya ɗauka. Ya ce autan zai cika biyar a Oktoba. A birnin New York da ya shiga ajin share fage na firamare a bana, domin can 31 ga Disamba ne iyaka. A Texas sai yaro ya cika biyar zuwa ranar 1 ga Satumba. Ke nan zai jira shekara guda. Ajin 'yan shekara huɗu kuma ba kyauta ba ne ga kowa kamar New York, sai wanda ya cika sharaɗi, misali ƙarancin kuɗin shiga, ko yaron da Turanci ba shi ne harshen gidansu ba kuma gwaji ya nuna yana buƙatar taimako. In ba ku shiga ciki ba, kuɗin renon shekara guda ya hau kanku.

Makarantu kuma a tsakiyar Agusta suke buɗewa, ba Satumba ba. New York sai ƙarshen Yuni take rufewa, don haka makonni shida ko bakwai kawai kuke da su. Ku taho da katin riga-kafi, takardar haihuwa, sakamakon karatu, da yarjejeniyar haya don shaidar adireshi.

Malama_Hauwa: Anti ta gama magana. Ƙari a kan 'yar shekara 14: iyakar hukumar makarantu ba ta bin iyakar gari. Gida na iya ɗauke da adireshin Katy, a yammacin Houston, amma ba ya ƙarƙashin Katy ISD, wato hukumar makarantun Katy. A sa adireshin a shafin hukumar a ga ainihin makarantar da za a tura yaro, kada a dogara da tallan dillali. Houston ISD kuma tun 2023 jiha ta karɓe ragamarta, ana ta sauye-sauye, shi ya sa iyalai da yawa ke duba hukumomin makarantun Fort Bend, Katy ko Cy-Fair da ke kewayen garin. A ɓangaren Dallas, Plano, Frisco, Allen da Coppell ne ake yawan ambata.

Amma akwai abin dubawa. Dokar jihar ta 1997 tana ba ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnati, ban da ta Austin da ta matse nata ƙasa da haka. A makarantar da gasa ta yi tsanani, shiga wannan sahu yana da wuya. Wani lokaci makaranta matsakaiciya mai darussa masu zurfi ta fi yi wa yarinya mai ƙoƙari amfani.

Abu_Safiyya: Allah ya saka da alheri. Maganar autan ban san da ita ba sam. To mota fa? Yanzu ɗaya muke da ita. Da wutar lantarki, na ji ana cewa ba ta da tabbas.

Injiniya_Bello: Mota biyu dole ne, ko wane gari. Dallas na da jirgin ƙasa na cikin gari mai suna DART, Houston na da nata layukan, amma ba sa kai wa da dama daga cikin unguwannin da ake ta ambata a nan. Arlington ma, da ke tsakanin Dallas da Fort Worth, duk girmanta, ba ta da bas mai bin layi. Rajistar mota kwana 30 ne, akwai harajin sabon mazauni dala 90 a kan motar da ka shigo da ita. Tun Janairun 2025 an daina duba lafiyar ƙananan motoci, amma gwajin hayaƙi yana nan a gundumomi irin su Harris, Fort Bend, Dallas, Tarrant, Collin da Travis. A lissafa kuɗin hanyoyin biya: Sam Houston Tollway a Houston, Dallas North Tollway da George Bush Turnpike a Dallas. A sa alamar biya a gilashi, domin a Dallas wanda ake aika wa takarda ta gidan waya ya fi biya da yawa.

Wuta kuma, yawancin Texas tana kan layinta na daban da wata hukuma mai suna ERCOT ke gudanarwa. A sanyin Fabrairun 2021 miliyoyi sun kwana cikin duhu, jiha ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta yanke wa sama da gidaje da shaguna miliyan biyu wuta a yankin Houston, wasu har fiye da mako, cikin zafi. A san inda makunnin ruwan gida yake, domin fashewar bututu ce ta fi yin ɓarna a 2021.

Ummu_Khalil: A Houston da Dallas kai ne ke zaɓar kamfanin da zai sayar maka da wuta, a Austin da San Antonio na birni ne, ba zaɓi. Inda ake zaɓa, kowane tsari na da takardar da ke nuna farashi a kan kilowat-awa 500, 1,000 da 2,000 a wata. Wasu ana tsara su su yi arha a daidai 1,000 kawai, da ka gaza ko ka wuce sai farashin ya haura. A ɗauki mai tsayayyen farashi wanda lambobin uku suke kusa da juna. Gida mai ɗaki huɗu yana iya shan 2,000 a Agusta saboda na'urar sanyaya ɗaki.

Alhaji_Tanko: 'Ya'yana, duk kun yi lissafin dala, ba wanda ya ce masallaci. Mai 'ya'ya uku ya duba inda za su yi Islamiyya, da inda za a sallace shi in ta Allah ta kasance. Houston na da ISGH, ƙungiyar musulmin garin, mai masallatai da yawa a sassan gari, da hidimar jana'iza. Yankin Dallas na da manyan cibiyoyi a Richardson, Irving da Plano, da makarantun Islamiyya na cikakken lokaci. Duka biyun ba a rasa naman halal. Shawarata, a zana wuri uku a taswira: asibitin Hajiya, inda motarka ke kwana, da masallaci. A nemi gida a tsakaninsu, a gwada hanyar da ƙarfe bakwai na safiyar ranar aiki, ba ranar Lahadi ba.

DanBorno77: Baba Alhaji ya kawo mu gida. Amma a kan jama'a har yanzu Houston ce gaba. Sai dai a sani, ofishin jakadancin Najeriya mafi kusa yana Atlanta, kuma jirgin da ke tashi kai tsaye daga Houston zuwa Legas ya daina tun 2016. Yanzu sai ta Turai, Istanbul, Doha ko Atlanta, daga Dallas ma haka.

Hajiya_Rabi_RN: Kada a manta da inshorar lafiya. Texas ba ta faɗaɗa Medicaid ba, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, saboda haka babba mai ƙaramin albashi da ke samu a New York ba lallai ya samu a nan ba. Wasu wuraren aiki sai an yi wata ɗaya ko fiye kafin inshorarsu ta fara. Ƙaura tana buɗe muku kwana 60 na sayen inshora a kasuwar gwamnatin tarayya, a yi amfani da shi a toshe wannan giɓin.

Sadiq_Akanta: Game da haya: masu gida galibi suna son kuɗin shiga ya ninka haya sau uku, kuma takardar ɗaukar aiki tana wadatarwa in ba a fara karɓar albashi ba. Ku ɗauki ta wata 12, kada ku wuce, ku ga rani ɗaya da damina ɗaya a unguwar. Doka ta ba mai gida kwana 30 ya mayar da kuɗin ajiya, amma sai kun ba shi sabon adireshi a rubuce.

Malam_Habu_DFW: Ni dai ina nan a kan Dallas saboda aikin maigida. Irving ko Grand Prairie don farawa, suna tsakiya, ko ta ina aiki ya fito za a kai.

Hajiya_Rabi_RN: Malam Habu, direba yana samun aiki a duka biyun, amma sashen da 'yar'uwata ta ƙware a kai ba kowane asibiti ke da shi ba. Ta nemi aiki a garuruwan biyu lokaci guda, mil 240 ne kawai tsakaninsu a kan I-45, ana iya ganawa a duka cikin mako ɗaya. Abu Safiyya, a wane sashe take aiki yanzu? In na masu ciwon daji ne ko zuciya, zan ce Houston. In na gaggawa ne ko na haihuwa, to ku bi maganar Malam Habu ku duba harajin unguwannin da ya ambata.